Wanda Ya Tone Kabarin Kyaftin

Ranar Litinin da safe na fito zubar da ruwan wanke-wanke, na tarar an rubuta ƁERA da jan fenti a ƙofata. Fentin bai ma gama bushewa ba, ya dalalo har ƙasa.

A Mintarra, in aka kira ka ɓera, to an gama da kai. Ɓera shi ne wanda ya shiga ramin wani a ɓoye ya kwashe masa ofal, dutsen nan mai walƙiya da ya tara mu, mu tamanin da 'yan kai, a tsakiyar hamadar Ostireliya. Ɗan sanda mafi kusa yana nesa da mu da kilomita ɗari uku, saboda haka mu muke yanke wa kanmu hukunci. Ba a dukan ɓera. Kawai ba za a sayar masa da ruwa ba, ba za a ba shi man janareta ba, in igiyarsa ta tsinke yana can ƙasan rami ba wanda zai leƙa. A garin da zafi ke kaiwa ma'auni arba'in da shida, wannan kisa ne cikin ladabi.

Ni kuwa, Draga Vukelic, shekarata talatin da ɗaya a nan. Da hannuna ni da mijina muka haƙe gidan da nake ciki a jikin tudu, a bayan tudun kuma na binne shi. Na ajiye bokiti, na tsaya na karanta kalmar nan sau uku, sannan na shiga na sa takalmina na aiki, na nufi zauren ƙungiyar mahaƙa.

*

Na tarar da su a cike. Manoli Katsaros na zaune a tsakiya da hula a hannu, kamar wanda aka yi wa rasuwa. Tsoho ne Bagirke, shekara saba'in da biyu, abokin mijina tun suna samari. Ranar Alhamis aka kai shi asibitin birni a duba zuciyarsa, ya dawo ranar Lahadi da yamma, ya sauka raminsa ya tarar an kwashe jijiyar ofal ɗin da ya shekara ashirin yana nema. Ko ɓurɓushi ba a bar masa ba.

Kowa a nan ya san yadda ake yi in mutum ya dace. Shiru zai yi. Zai ci gaba da ajiye akori-kurarsa a bakin wani busasshen rami, ya kunna janareta don a ji ƙara, sannan ya zagaya a ƙafa ta doguwar hanya zuwa ramin gaskiya. Zai ƙara yawan ƙorafin talauci, ya daina saya wa kowa giya. Wata bakwai Manoli yana haka ba wanda ya gano shi, sai ni. Ni ma don ranar da zuciyarsa ta buga yana cikin ramin, ni ya kira, ni na jawo shi da igiya.

"Ga ta nan!" in ji Des Pike, wani mai ƙaton wuya da bai taɓa samun dutsen da ya kai ƙwayar wake ba. "Har tana da idon zuwa!"

"Ina da ido, ina da ƙafa, Des. Kai ma na ga kana da fenti a farce."

Ya cusa hannu a aljihu. Na juya wurin tsohon.

"Manoli, kai ka ambaci sunana?"

Bai ɗago ba. "Tambayata aka yi wa ya san ramin, Draga. Na ce ke kaɗai."

Wannan ta fi fentin zafi. Na so in yi kuka, amma na rantse ba a gaban Des ba.

Hayaniya ta kaure, masu cewa in bar gari yau, masu cewa yanzu-yanzu. Sai Lachlan Treloar ya miƙe. Shi ne mai sayen ofal, shi ke da kantin kayan haƙa, shekara biyu ke nan da zuwansa. Mutum ne mai sanyin murya, kullum rigarsa a goge.

"Jama'a, a yi hankali," in ji shi. "Mace ce, ta manyanta, gidanta ke nan. A ba ta mako guda ta kintsa. Zuwa Lahadi."

Aka yarda. Har godiya na kusa yi masa.

"Ku ji da kyau," na ce musu daga bakin ƙofa. "Lahadi za ta zo ta same ni a gidana, Lahadin gaba ma haka. Wanda yake son in fita, ya zo da shebur ya tone ni."

*

Ban koma gida ba, sai wurin Gwaggo Verna.

Mutanen Gwaggo Verna suna ƙasar nan tun kafin wani ya san ana haƙa rami. Ta haura saba'in, tana dogara sanda, idonta ɗaya ya fara yana. Amma ba wanda ya kai ta iya bin sawu: sau biyu 'yan sanda suna turo mota takanas a ɗauke ta in baƙi sun ɓata a daji, kuma duka biyun ta dawo da su da ransu. Na same ta a inuwa tana shan shayi a gwangwani.

"Na ji," ta ce kafin in buɗe baki. "Ke kika ɗauka?"

"Haba, Gwaggo!"

"Tambaya ce. Tashi ki yi tafiya daga nan zuwa tankin can, ki dawo."

Na je na dawo ina huci. Ta sunkuya ta daɗe tana duban sawuna.

"Gwiwarki ta hagu na ciwo, kuma kina taka ƙasa kamar ta ci miki mutunci. To, gobe da sassafe ki ɗauko min tsohon banzan nan, Manoli."

*

Abu ɗaya ya taimake mu. Ranar Alhamis ɗin da Manoli ya tafi, da yamma, an sheƙa ruwan sama, na farko cikin wata goma sha huɗu. Duk wani tsohon sawu ya goge. Abin da ke ƙasa yanzu, na bayan ruwa ne.

Muka fara daga ramin bogi, inda Manoli ke ajiye mota. Nan take Gwaggo ta nuna wani sawun takalmi mai sabon ƙasa, ya zagaye tsibin ƙasar da ke bakin ramin ya fi sau goma. Na san takalmin nan. Duk garin an san Des ya yi sabon takalmi, don shi da kansa ya bi gida-gida yana nunawa.

Muka same shi yana gyaran injinsa.

"Des, ɗana," in ji Gwaggo, "me ka je yi ramin Manoli ranar Juma'a?"

"Ni? Wa ya gan ni?"

"Takalminka ya gan ka. Ka durƙusa sau shida, ka zauna ka ci kifin gwangwani, ka jefar da gwangwanin a ƙarƙashin kurmi."

Fuskarsa ta koma kalar fentinsa. Da ƙyar ya amsa cewa ya je tankaɗe ƙasar da Manoli ya zubar ne, ko zai tsinci ɗan abin da ya kuɓuce. Wuni guda ya yi a rana yana tankaɗe tsibin ramin da ba komai a ciki.

Manoli ya tuntsire da dariya, karo na farko tun da ya dawo. "Wannan ƙasar da mota na ɗebo ta daga bola, wawa!"

"Ba shi ba ne," in ji Gwaggo da muka bar wurin. "Wanda ya wuni a ramin bogi bai san na gaskiya ba."

Ni dai na so a ce shi ne.

*

Sawun na biyu ya fara ne a bayan tsibin, inda duwatsu suka ƙare. Ba tambarin takalmi, sai wani faffaɗan shafe-shafe a ƙasa.

"Ya ɗaura guntun darduma a ƙafa," in ji Gwaggo. "Tsohuwar dabara. Namiji ne, ba mai nauyi ba. Ranar Asabar da tsakar rana ya bi nan, lokacin da kowa ke kwance a cikin gida."

Muka bi ta a baya. Daga nan zuwa ramin gaskiya, in mutum ya miƙe, tafiyar minti goma ce. Amma sawun bai miƙe ba. Ya yi gabas, ya gangara busasshen rafi, ya zagaye wata tsohuwar mota da ta ruɓe, ya sake komowa yamma. Na ga Manoli yana rage sauri.

"Wannan ai hanyata ce," ya ce. "Haka nake zagayawa kullum. Sak."

"Ranar Lahadi da ka dawo fa?" in ji Gwaggo.

"A gajiye nake, na yanke ta gajeriyar hanya."

"To sawunka yake bi ke nan," na ce.

"Wane sawu?" in ji Gwaggo. "Ruwa ya wanke. Ni kaina ba zan iya bin sa ba." Ta nuna da sanda. "Duba nan. Ya afka cikin ƙaya, alhali ga fili a gefe. Nan ya yi tuntuɓe da dutsen da makaho ma zai kauce masa. Mutumin nan ba ƙasa yake kallo ba, ba gabansa yake kallo ba. Duk taku ashirin sai ya tsaya cik, ya haɗe dugadugansa, ƙafar hagu ta buɗe waje. Wani abu yake dubawa a hannunsa."

Daga nan sawun ya karkata zuwa gindin wata 'yar bishiya, sai Manoli ya saki wata ƙara ya ruga, shi da likita ya hana gudu.

Kabarin Kyaftin ne, karensa. Shekara huɗu ke nan da mutuwarsa. Duk garin mun je binne shi, don Kyaftin ya taɓa tono yara biyu da rami ya rufta da su. An ɗora masa duwatsu, an kifa kwanonsa a kai. Yanzu an watsar da duwatsun, an haƙa ƙasa har gwiwa, ƙasusuwan suna warwatse a rana.

Manoli ya durƙusa yana tattara su cikin hularsa, hawaye na bin gemunsa.

"Kana tsayawa a nan?" Gwaggo ta tambaye shi a hankali.

"Kullum. Nan nake karyawa. In zauna kamar minti ashirin, in ba shi labari."

"To shi ya sa. Ɓarawon ya san kana daɗewa a nan, amma bai san dalili ba. Ya zaci nan kake binne dutse." Ta juyo ta dube ni, ta dube shi. "Draga ce ta ɗora duwatsun nan da hannunta, ina wurin. Kuma ta san gajeriyar hanya. Me zai kai ta tone kare?"

Manoli ya ɗago ya kalle ni. Na kawar da kai.

"Wa ke raka ka in za ka zo nan?" in ji Gwaggo.

"Ba kowa. Na rantse da kabarin uwata."

"Me ke aljihunka?"

Ya laluba ya fito da wayarsa.

*

Sista Imelda ce ke kula da ɗakin shan maganinmu, 'yar ƙasar Filifin, shekararta uku a Mintarra. Ita ma ba ta san Kyaftin ba. Kuma ita ce ta sa wa Manoli wata manhaja a waya bayan bugun zuciyarsa, mai ƙirga takunsa da auna bugun jini. Tun a hanya na riga na yanke mata hukunci a raina, yadda aka yanke min.

"Ke ce ke kallon inda yake zuwa?" na jefa mata tun ba mu zauna ba.

"Ni? Inna Draga, bugun zuciyarsa kawai nake gani!"

Gwaggo ta kalli ƙafafun yarinyar sau ɗaya ta girgiza kai. "Wannan ko buhu ta ɗauka ba za ta kai nauyin mutumin ba. Bar ta. 'Yata, duba min, abin nan da wa yake magana in mai shi ba ya ji?"

Imelda ta karɓi wayar, ta buɗe kantin manhajoji inda ta sauko da ita kyauta. Ta yi ta ja ƙasa, ta wuce taurari biyar-biyar, ta wuce hotunan tsofaffi masu murmushi, har ta kai wani rubutu ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Ta karanta, ta sake karantawa, sai ta dafe baki.

"Wayyo Allah. Baba Manoli, ka yafe min. An rubuta a nan, manhajar tana tattara inda kake kowane lokaci, kuma ana raba bayanan da abokan hulɗa."

"Su wa ke nan? Ni ba ni da abokan hulɗa."

"Ba naka ba, nasu. Kamfanonin talla, da dillalan bayanai. Su kuma su sayar wa duk ɗan kasuwar da ke son sanin inda mutanen unguwarsa ke zirga-zirga. Sun ce ba sa ba da suna, lamba kawai."

"To in ba suna ai ba komai," in ji Manoli.

"A birni mai mutum miliyan, wataƙila," in ji Imelda. "A nan fa? Lambar da ke kwana a gidanka kullum, ta wa ce?"



"Yaushe na yarda da wannan?" ya ce.

"Ranar da na sa maka. Akwai wani ɗan maɓalli, an rubuta 'Na amince'. Ni na danna maka, ba ka da lafiya a lokacin." Ta fashe da kuka.

Raina ya ɓaci, amma ba da ita ba. Mutum ya yi wata bakwai yana sa tsumma, yana hana kansa giya, yana zagaye daji da ciwon zuciya don ya ɓoye sirrinsa, ashe abin da ke ƙirga masa bugun zuciyar yana can yana tallarsa. Har zaman da yake yi da mataccen karensa an sayar.

"A cire ta yanzu," na ce.

"Kul," in ji Gwaggo. "A bar ta. Tun da tana da surutu, bari mu ba ta abin faɗa."

*

Dabarar Gwaggo ba ta da wuya, sai dai tana bukatar haƙuri, abin da ni da Manoli ba mu da shi. Akwai wani tsohon rami a arewa da ake kira Ramin Bajamushe, wanda aka watsar tun kafin in zo. Laraba, Alhamis da Juma'a, Manoli ya riƙa zagayawa can a ƙafa da wayarsa, ya zauna awa biyar a bakin ramin a ƙarƙashin tamfol, yana buga karta shi kaɗai yana zagin kowa da Girkanci.

"Anya zai sake zuwa?" na tambayi Gwaggo. "Ai ya samu rabonsa."

"Zai zo kafin Lahadi. Muddin kina garin nan, akwai wadda za a ɗora wa. In kin tafi, wa zai ɗauke masa?"

Maganar ta tsaya min a rai. Na tuna wanda ya roƙa a ba ni mako guda, amma ban ambaci sunansa ba, don na riga na zargi mutum biyu a banza.

Kwanakin nan uku na sha su. Mai tankar ruwa ya wuce ƙofata bai tsaya ba. Na shiga mashaya, kowa ya juya min baya. Na zauna a tsakiyarsu na ci burodin namana a hankali, har da suɗe yatsu, sannan na fita.

Ranar Juma'a da yamma Gwaggo ta share kewayen Ramin Bajamushe da reshe, ƙasa ta yi sumul. Ranar Asabar da sassafe Imelda ta tuƙa motar asibiti zuwa birni da wayar Manoli a jakarta, shi kuwa muka ɓoye shi a gidana. Duk mai kallon lambar nan zai ga tsoho ya koma ganin likita.

Wuni guda muna zaune ni da shi a ɗakin girkina. Na ba shi miya, ya sha.

"Draga," ya ce can da la'asar.

"Sha miyarka."

"Ban ce ke kika ɗauka ba."

"Ba ka ce ba ni ba ce."

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da shan miyarsa. Kafin faɗuwar rana Gwaggo ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta leƙo da kanta kawai.

"Ɓeran ya zo," ta ce. "Ko akwai sauran miya?"

*

Ranar Lahadi da hantsi duk gari ya hallara a gaban zauren ƙungiya, wai a ga fitata. Suka tarar Gwaggo Verna ta share filin gaban zauren da manjagara, tsawon taku arba'in, ta tsaya a bakinsa da sandarta.

"Kafin ku kori mace daga gidanta," ta ce, "ku ba ni minti goma. Wanda ya ƙi, ya faɗa min dalili a gaban kowa."

Ba wanda ya ƙi. Ta ba su labarin kabarin Kyaftin. Na ga manyan maza suna cire hula. Imelda ta yi bayanin wayar. Manoli ya miƙe ya ce jiya tun safe har dare yana gidana, ban taka ko bakin ƙofa ba, kuma duk da haka an shiga Ramin Bajamushe.

"Saboda haka," in ji Gwaggo, "mutumin da nake nema namiji ne, bai san Kyaftin ba, kuma yana da hanyar sayen abin da dillalai ke sayarwa. Amma ba na son a ce na zaɓi wani. Duk namijin da ke nan zai taka min filin nan, ɗaya bayan ɗaya."

Des ne ya fara, yana bubbuga sabon takalminsa. Ta kore shi da sanda. Aka yi ta wucewa, tana sharewa bayan kowane. Da aka zo kan Lachlan Treloar, sai ya yi murmushi.

"Gwaggo, da girmanki? Wannan ai wasan yara ne. Ba kotun da za ta karɓi zane a ƙasa."

"To taka mana, ɗana, tun da wasa ne."

Ya shiga filin. Na san tafiyar Treloar, kullum ina ganinsa, kuma ba ita yake yi ba. Yana buɗe ƙafa, yana dogon taku kamar soja. Na kalli Gwaggo, ita kuwa Imelda take kallo. Ta ɗaga mata gira, Imelda ta danna wayarta a ɓoye.

Yana tsakiyar fili wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya tsaya cik, ya zaro ta, ya sunkuyar da kai yana duba mai kira.

"Kada ka motsa," in ji Gwaggo.

Ta tako a hankali, ta zagaye ƙafafunsa da bakin sanda. Dugadugansa a haɗe, ƙafar hagu ta buɗe waje.

"Mutum yana iya sake tafiyarsa in ya san ana kallo," ta ce. "Yadda yake tsayawa in zai duba waya kuwa, bai ma san yana da ita ba. Wannan tsayuwar na ƙirga ta sau sittin da ɗaya tsakanin ramin bogi da kabarin kare. Jiya na ƙirga goma sha tara a Ramin Bajamushe, suna nan na rufe su da kwanoni. Wanda ke shakka ya zo mu je."

Treloar ya yi dariyar yaƙe. "Kowa ma haka yake tsayawa."

"To a duba motarka," in ji Gwaggo.

Des, wanda kullum yake neman inda zai huce, ya riga kowa isa. Ya ɗaga kujerar baya ya fito da guntayen darduma biyu da igiyoyinsu, jar ƙasa ta kama su. Kalarsu ɗaya da dardumar da ke shimfiɗe a kantin Treloar, wadda dukanmu muka sha takawa.

Sanyin muryar nan ya tafi. "Bayanan nan saya na yi!" ya daka tsawa. "A fili ake sayar da su, don talla! Ba dokar da na karya! Shi ya danna ya amince!"

"Ramin ma shi ya danna maka?" na ce. "Karen fa?"

Maza suka yunƙura kansa. Ni na shiga tsakani, ba don ina tausayinsa ba.

"Ba mai taɓa shi! Kwana shida da suka wuce haka kuka taso min, kuna da tabbaci kamar yau. Ku kulle shi a ɗakin ajiya, ku ba shi ruwa, a kira ɗan sanda. Ku koyi jira."

*

An sami ofal ɗin Manoli a cikin tukunyar gas ta bogi a bayan kantin, ban da kaɗan da ya riga ya aika birni. A kwamfutarsa ɗan sanda ya ga taswirar Mintarra da ɗigo-ɗigo masu motsi, goma sha bakwai. Ba Manoli kaɗai ba ne, shi ne dai ya fara dacewa. Har ɗigon Des yana ciki, ya wuni a kan tsibin ƙasar bola.

Imelda ta rubuta wa masu manhajar da masu kantin manhajojin. Bayan wata biyu amsa ta zo, mai ladabi ƙwarai: suna daraja sirrinmu, kuma mai wayar ya amince. Na manna takardar a bangon mashaya, a saman wani katako da muka kafa wa ƙusoshi. Yanzu duk mai fita haƙa a nan yake rataye wayarsa. Manoli ya koma ƙirga bugun zuciyarsa da yatsa biyu da agogon hannu, Imelda na yi masa faɗa.

Mun sake binne Kyaftin ni da shi da Gwaggo. Ya haƙa, na ɗora duwatsu. Da muka gama ya miƙo min wani dutse mai girman ƙwan tantabara, shuɗi da kore suna wasa a cikinsa.

"Riƙe abinka," na ce. "Ranar Laraba ina yin miya. In ka zo, ka zo da bakinka, ka faɗi abin da ya kamata ka faɗa a zaure."

Ya zo. Ya faɗa. Na ƙara masa miya.

Washegari da safe na ji motsi a ƙofa. Na buɗe na ga Des da gwangwanin farin fenti da burushi, bayansa mutum bakwai ko takwas, har da mai tankar ruwa, kowa na kallon takalminsa.

"Inna Draga," in ji Des, "mun zo mu goge ne."

"Wa ya ce ku goge?"

"Ai... ba daɗin gani."

"Na sani. Shi ya sa za ku bar shi." Na karɓi burushin daga hannunsa na jefa cikin bokitina. "Ni na san ba ni ba ce tun ranar farko, ba na bukatar a tuna min. Hanyar zuwa ramukanku ta gaban ƙofar nan ta bi. Ku riƙa karantawa safe da yamma."

Shekara uku ke nan. Rana ta ci jan fentin, ya fara dusashewa. A watan jiya na sayi ƙaramin gwangwani na sake bin haruffan da kaina.